Kasada ko haɗari? Yadda ta kaya a zauren ma'aikatan shantiye na Damagaram

Injiniya Sani: Salamu alaikum mutanen zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Madatsar ruwa ta Kandaji tun 2008 aka aza harsashinta, har yau ba mu ga megawat 130 ɗin da aka ce za ta ba mu ba. Kuma ba mu kaɗai ba ne: Bent Flyvbjerg na jami'ar Oxford ya tattara ayyuka sama da 16,000, ya tarar kashi 8.5 cikin ɗari ne kawai suka ƙare a kan lokacinsu da kuɗinsu. Mu kuwa har gobe takardar kasadar aiki sau ɗaya ake cika ta, ranar buɗe shantiye, wato wurin aikin gini, a kulle ta a durowa. Ra'ayina, duk kwangilar da ta haura sefa biliyan ɗaya a wajabta mata ƙirƙirarriyar basira. A zuba mata littafin shantiye na kullum, ranakun ruwa, ranar da aka kai takardar neman biya da ranar da kuɗi suka fito, farashin siminti da gazuwal, awannin da kowane inji ya yi a tsaye. Kowace Litinin ta fitar da ayyuka biyar da suka fi kusa da karya jadawali. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Injiniya, kafin hujja a gyara kalma. Kasada abin da mutum ya jefa kansa ciki ne da gangan, kamar direban da ya ga ƙorama ta kawo ya ce sai ya ƙetare. Abin da ake aunawa a teburin nan mai gida biyar tsaye biyar kwance, yiwuwar aukuwa sau girman ɓarna, daga 1 zuwa 25, sunansa haɗari.

Hajiya Rabi: A'a Malam. Haɗari sai ya auku ake kiransa haɗari. In aka ce an yi haɗari a hanyar Tanut, kowa ya san mota ta riga ta kife. Teburin kuwa na abin da bai faru ba ne tukuna. Kuma wanda ya saukar da lebura ramin da ya wuce mita 1.30 ba a tokare gefensa ba, me ya yi in ba kasada da ran ɗan mutane ba? Kalmar Injiniya daidai take.

Habu: Ni dai hadari nake ji a bakin injiniyoyin Kano.

Malam Isufu: Ɗana, sa wa harafin lanƙwasarsa. Hadari shi ne wanda yake tasowa daga gabas a watan Agusta. Haɗari kake nufi, kuma ka ga mutanen Kano ma suna tare da ni.

Alhaji Mamman: Yaron nan gaskiya ya faɗa ko da bai yi niyya ba. Hadarin gabas ɗin shi ne uban haɗarin aikin hanya. In aka kwana ana ruwa, hanyar ramin jar ƙasa ta cije, tifa ba ta shiga, ƙasar da aka baza ta jiƙe ta wuce danshin da gwajin Proctor, mai auna danshin da ƙasa ta fi daddaɓuwa da shi, ya tsayar, injin daddaɓa ya tsaya. Aiki uku sun mutu rana guda. Lissafin da ya ɗauke su kamar babu mai alaƙa da wani zai ba ka ranar gamawa mai daɗin ji wadda ba za ta taɓa zuwa ba. Da rani kuma ƙishirwa ce. Ku lissafa da kanku: kilomita ɗaya, faɗi mita 10, kauri santimita 20, kubik 2,000 ke nan, wajen tan 4,200. Ka ƙara mishi danshi kashi 6 cikin ɗari, kubik 250 na ruwa, wato sawu 13 na tanka mai kubik 20, a shimfiɗa ɗaya tak, ban da wanda rana ta shanye. A garin da yake zaune kan dutse, wanda ruwan shansa ma daga Ganaram da Arunguza ake turo shi, ina za ka ɗebo? Na'urar Injiniya ta san wannan?

Zainabu: Baba Alhaji, abin da kake suka lissafin Monte Carlo ne, kuma ya girmi ƙirƙirarriyar basira nesa ba kusa ba. Kowane aiki a ba shi adadin kwanaki iri uku: mafi sauri, wanda aka fi zato, mafi jinkiri. Kwamfuta ta juya jadawalin sau 10,000, ta ce ga ranar da rabin juyin suka gama, ga ranar da kashi 80 suka gama. Ta biyun ake sa wa hannu. Alaƙar ruwa da ayyukan nan uku akwai gurbin shigar da ita, masu yi ne suke barinsa fanko. Basirar da Yaya Sani yake magana koyo take daga ayyukan da suka wuce, kuma nan ne gizo ke saƙa. Ɗauki haƙar rijiyar burtsatse a yankinmu: wadda ta ba da ruwa tana da takarda, da zurfinta, da kubik nawa take bayarwa a awa. Wadda ta bushe sau da yawa toshe ta ake a wuce, ko wurinta ba a rubutawa. Ka koyar da na'ura da masu ruwa kaɗai, sai ta ce maka ko'ina ka sa baƙin ƙarfe akwai ruwa.

Hajiya Rabi: To kun ji. Haƙa a kan dutse ba tare da awon ƙasa da lantarki ba, wannan kasada ce ko haɗari? Malam ya amsa.

Malam Isufu: Haƙar ce kasada, bushewar ce haɗari. Hajiya, ku da kuka yi karatu da Faransanci kalma ɗaya kuka saba da ita, shi ya sa kuke neman cusa komai a buhu guda.

Hajiya Rabi: Malam, kar a kai mu nan. Takardun kwangilar ƙasar nan kaf da Faransanci ake rubuta su, mu ne muke zama da leburori muna juya musu su zuwa Hausa kowace safiya kafin su ɗauki shebur. Wanda ya yi karatu a Zariya bai fi mu jin Hausa ba. Damagaram aka haife mu.

Habu: Hatsari fa? Ita ma ana faɗi.

Malam Isufu: Hatsari da haɗari abu ɗaya ne, bambancin baki ne kawai.

Alhaji Mamman: Ku kira shi yadda kuke so, ni na san inda aiki yake mutuwa. Ɗan kwangila ya gama shimfiɗa, ya kira masu sa ido su zo gwajin daddaɓa, kashi 95 ake nema. Su yi kwanaki ba su leƙo ba, rana da tayoyin tifa su lalata saman, sannan su zo su ce bai kai ba, a sake karcewa. Takardar biya kuma ta tafi Yamai ta yi barci, ga kashi 5 na ajiyar garanti a riƙe. Wannan jinkirin wa zai rubuta shi a littafin shantiye, alhali mai jinkirin ne yake sa wa littafin hannu?

Hajiya Rabi: Alhaji, da girmanka, masu sa ido ba su ne suke rage buhu ba. An ce kilo 350 na siminti a kubik, buhu bakwai, a tarar an zuba shida. A zuba kankare da tsakar rana cikin zafin Afrilu, ba a shayar da shi kwana bakwai ba, sannan a kwana na 28 a fasa samfuri a ga bai kai ba a ce biron masu sa ido ne ya hana aiki tafiya. In za a ba na'ura littafi, a haɗa mata da sakamakon ɗakin gwaji.

Injiniya Sani: Jama'a, maganar wajabtawa na kawo. Ba wanda ya ce mini e ko a'a.

Zainabu: Yaya, a'a nake cewa, sai an yi shekaru ana cika littafi iri ɗaya a kowane shantiye, a kwamfuta, da kwanan wata da hoto. Kuma akwai abin da ba ta da inda za ta koyo shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 iyakar Benin ta rufe, kayan da suke biyowa ta Kotonu suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, Najeriya ta yanke wuta a watan Agusta. Bututun man Agadem zuwa gaɓar tekun Benin mai kusan kilomita 2,000 an gama shi, amma rikicin iyaka ya sa lodinsa ya yi ta tsayawa a 2024. Irin wannan mutane ne suke zama su ce: in tashar ruwa ta rufe wata uku, kwalta da rodi nawa muke da su a ƙasa, ta ina za mu biyo? Sa hannu kuma na mutum ne. In ƙaramar gada ta karye, ba na'ura alƙali zai kira ba.

Malam Isufu: Dare ya yi, a matsayina na mai kula da zaure bari in tattara. An fahimci cewa kalmar da ta dace ita ce haɗari, kamar yadda aka bayyana tun farko, kuma ɗanmu Habu ya kawo shaida daga Kano. Alhaji ya nuna cewa jinkirin biya da na masu sa ido ne suke kashe aiki. Ƴarmu Zainabu ta tabbatar na'ura ba ta da amfani a yankinmu. Daga yau a rubuta haɗari a duk abin da za a turo nan.

Zainabu: Malam, ban ce ba ta da amfani ba. Cewa na yi a fara da littafi.

Hajiya Rabi: Ba a fahimci komai ba, kai ka fahimta. Buhu shida da na ambata ina ya shiga a tattarawar? Gobe da safe kafin a saukar da yara cikin rami zan ce musu kar wanda ya yi kasada, kuma za su gane.