Inda ake samun kayan bincike kan bukukuwa da yawon buɗe ido

A wata tattaunawa kan inda ɗalibi zai sami kayan bincike game da bukukuwa da yawon buɗe ido, shawarar da aka fi nanatawa ita ce kada ɗalibi ya tsaya a sashe guda na laburare, domin rubuce-rubuce kan bukukuwa da taruka da yawon buɗe ido sun warwatsu a fannonin tattalin arziki, nazarin al'adu, labarin ƙasa da kasuwanci. An ce ya fara da rumbunan bayanai irin su Scopus da JSTOR, sannan ya bi mujallu kamar Annals of Tourism Research, wadda take fitowa tun 1973, yana duba manazartar da ke ƙarshen kowace maƙala, saboda sau da yawa nan ne ake tsintar aikin da binciken kwamfuta bai nuna ba.

Kan alƙaluma, an yi nuni da hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma aka ja kunne cewa ƙididdigarta ta shafi ƙasashe ne, ba ta gaya wa mai bincike yawan mutanen da suka halarci wani biki ba. Wannan sai a rahotannin masu shirya bikin da tsofaffin jaridu, kuma a ganina ya kamata a karanta su da taka-tsantsan, tunda mai shirya taro ba ya son a ce taronsa bai cika ba. Bukukuwan gargajiya kuwa, jerin al'adun da UNESCO take tattarawa bisa yarjejeniyar 2003 ta kare al'adun gado yana da amfani. Littafin da babu shi a laburarenka, a nemo shi a WorldCat, kundin intanet da ke nuna littattafan da ke laburare daban-daban na duniya, sannan a roƙi ma'aikacin laburare ya aro shi daga wani laburaren.