In sayar da kasona na gonar gado in yi gini a Kura, ko in kama haya?

Dan_Kadawa:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam da suka san yadda abin yake. An sa min rana bayan babbar sallah, gidanmu na gado kuma ya cika maƙil, yayyena biyu kowa da iyalinsa a ciki, har zauren ma an yanka an fitar da ɗaki. Ina koyarwa a firamare, ina kuma taɓa noman rani a gonar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar mana a bakin kanal. Tun bara nake tambayar fuloti, wallahi kuɗin da dillalai suke kira sai ka ɗauka a Hotoro ko Na'ibawa kake, alhali bayan gari ne inda muka tashi muna kora awaki. Haya kuma ciki da falo mai ɗan kyau ba ya kwana, kuma kuɗin shekara ake so a dunƙule.

To yanzu wani Alhaji daga birni ya taya kasona na gonar, abin da ya saya zai ishe ni rabin fuloti awon igiya (wanda masu gona suka yanka, ba gwamnati ba) in tada ɗaki biyu da banɗaki da katanga. Babban yayana ya ce kar in kuskura. Iyayen yarinya kuma sun fara tambayar muhalli. Ya kuke gani?

Baba Mai Shanshera:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka ji maganar yayanka. Gonar tudu daban, gonar da ruwan Tiga yake shiga daban. Tun 1974 da aka gama dam ɗin nan zamanin Audu Bako, filin da kanal ya ratsa ƙidayayye ne, ba kullum ake ƙara shi ba, shi ya sa Alhajin bai je ya taya gonar gero a tudu ba ya zo wajenka. Gonar nan ka yi shinkafa da damina, ka yi tumatir ko alkama ko albasa da rani, ita ce take cike maka inda albashi ya gaza, kai ka fi ni sanin ranar da albashin malamin firamare yake ƙarewa a wata. In ka sayar ka yi gini, ranar da aka kawo amarya buhun shinkafar da za ku ci ma sai ka je kasuwa.

Na ga waɗanda suka sayar lokacin da shinkafa take tashe, yau wasunsu ƙwadago suke yi a gonar da ubansu ya bari, ana biyansu da yamma. In kuɗi kake so a dunƙule ka ba da ita haya na shekara biyu ko uku ka karɓa gaba ɗaya, a rubuta a gaban dagaci da shaidu. Ban ce jingina ba, jingina sau da yawa sayarwa ce da ba a faɗi sunanta ba, kuɗin fansar ne ba ya samuwa.

Dillalin Kwanar Gafan:

Baba da girmanka, amma akwai inda zan ɗan saɓa. Ni sana'ata ce wannan, bari in gaya muku abin da yake tura kuɗin fili sama, ba mu dillalai ba ne kamar yadda ake zaginmu, mu la'ada ce tamu kawai. Na farko birni ne yake tahowa ta titin Zariya, tun da aka yi rukunin gidajen Kwankwasiyya da Amana aka ja hankalin mutane wannan ɓangaren, wanda kuɗinsa bai kai na cikin gari ba sai ya matso gaba, wanda ya matso ya ture na gabansa har abin ya iso mu. Na biyu tun da aka rufe boda a 2019 injinan casar shinkafa suka yawaita, kowane inji da leburorinsa da direbobinsa da masu awo, duk suna neman wajen kwana, ga 'yan ci-rani lokacin tumatir, ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga garuruwansu sun zo da iyali, to ta ina haya za ta yi sauƙi. Na uku kuma shi ne babba, daga 2023 da aka cire tallafin mai Naira ta faɗi, ɗan kasuwar Kwari ko Singa ba ya yarda ya bar kuɗi a banki, gara ya zo ya sayi gona ya yanka ta fulotai ya kafa duwatsu ya tafi, ba gini zai yi ba, ajiya ce. Kai mai neman wajen zama da shi kake takara.

Saboda haka in ka ce sai ka tara daga noma, filin ba zai jira ka ba. Kuma noman ma ai ba kamar da ba, kowa ya ga yadda shanshera ta karye a 2025 taki kuma bai sauko ba, tumatir kuma in tsutsar sharon ta shiga kamar 2016 sai dai a yi innalillahi. Ni shawarata ka yanki wani abu a gonar ka sayar ka kama fili tukuna ko ba ka gina yanzu ba.

Maman Ilham:

Ni tambayata ɗaya Malam, an raba gadon kuwa? Don naji kana cewa "kasona" amma ban ji ka ambaci 'yan'uwanka mata ba, ban ji tumunin takabar mahaifiyarku ba in tana raye. Abin da yake faruwa a ƙauyukanmu kenan, maza su yi ta noma gona shekara da shekaru ba a raba ba, ranar da aka ji ta yi kuɗi sai rigima ta tashi har kotu. In dai ba a raba ba, 'yan'uwanka suna da haƙƙin shufu'a, su ne a gaba da bare wajen saye, ka tambayi malamai.

Sannan maganar haya, wallahi ba abin kunya ba ne, mu ma a haya aka kai mu. Abin da mace take dubawa ruwa ne da banɗakinta ita kaɗai da maƙwabta na kirki. Gara haya a cikin gari kusa da mutane da a kai yarinya sabon gini a bayan gari ba wuta ba rijiya, miji ya tafi ban ruwa da dare ya bar ta ita kaɗai.

Safiyo_KN:

Ƙarin bayani kan awon igiya tunda aikin awo nake yi. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana, a karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da takardar mallaka ta gargajiya. Takardar ciniki da mai unguwa ya sa wa hannu shaida ce cewa ka biya kuɗi, tana da amfani, amma ba ita ce takardar mallaka ba. In aiki ya biyo ta wajen, titi ko layin dogo ko bututun gas, diyyar da doka ta sani ta abin da ke kan fili ce, gini ko shuka, ba kuɗin da ka ba dillali ba. Kafin ka biya ko sisi ka je da ƙafarka ka tambayi maƙwabtan filin na wane ne asali, magada nawa ne, duk sun yarda, don fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ba sabon abu ba ne. Ka duba an bar hanya da magudanar ruwa, mai yanka yana son ya fitar da fuloti da yawa sai ya bar lungun da ko kurkura ba za ta shiga ba. Kuma ka je wajen a watan Agusta, ba da rani ba. Yankin nan shinkafa ake yi, wani filin fadama ce aka cike.

Wani zai ce maka ka nemi bashin gida na asusun gidaje na ƙasa (NHF) tunda kai ma'aikaci ne, ana cire kashi 2.5 na albashin mai zubi, ruwan bashin kashi 6. Ko ka ajiye maganar ruwa gefe, suna son fili mai cikakkiyar takarda, awon igiya ba ya shiga.

Birkila Na Bunkure:

Duk kun tsaya a fili, ginin fa? Farkon 2024 buhun siminti ya haura dubu 10, bai koma inda yake da ba, rodi da kwano da tifar yashi duk sun bi shi. Kuɗin da kake ganin zai kai ka rufi ina tsoron a linta zai tsaya, kangwaye nawa ne a bayan gari da ciyawa ta cinye. In za ka ji tawa, ka yi fandisho da bulo ka ɗaga shi sosai saboda danshi, sama ka yi da tubalin ƙasa mai kyau a shafe da siminti, ɗaki ɗaya da banɗaki da katanga tukuna. Ya fi sanyi ma lokacin zafi. Matsalar dai mutanenmu yanzu suna ganin ginin ƙasa kamar gazawa ne, dangin amarya su zo jere suna taɓe baki.

Dan_Kadawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maman Ilham kin taɓo inda yake, gaskiya ba a raba ba, kowa dai ya san inda yake nomawa ne, kuma muna da mata uku, Hajiya ma tana nan da ranta. Jiya da daddare na zauna da babban yaya, ya ce a kira malami a raba bayan an cire shinkafa, in ma sayarwar ce shi zai saya ya biya ni kaka biyu, kar gonar ta fita daga gida. Na fi karkata ga in kama haya shekara ɗaya in ba da kason nawa haya in kama fili da kuɗin. Baba Mai Shanshera, in za a ba da hayar shekara uku, kuɗi ake yankewa tun yanzu ko da buhu ake lissafi duk kaka? Don yadda Naira take tafiya ina tsoron in karɓi kuɗin yau, shekara ta uku ya zama kyauta na ba shi.