Muhawara: Shin a ɗauke adaidaita sahu daga manyan titunan Kano?

Malam Sabo: Salamu alaikum jama'a. Ga matsayata, wanda zai ji haushi ya ji: babu abin da ya cushe titunan Kano kamar adaidaita sahu. Ku tsaya a Kurna ko a Bata bayan la'asar ku duba, titi ya koma ruwan ɗorawa daga wannan gefe zuwa wancan. Babur ɗaya mutum uku yake ɗauka, huɗu idan direba ya matsa wa wani a gaba. Doguwar bas guda sai ta kwashe abin da babura goma sha biyar za su ɗauka. A hana su manyan tituna, su koma cikin unguwanni.

Habu Mai Adaidaita: Wa alaikumus salam. Malam, da girman kujerarka, amma ba ka yi mana adalci ba. Ka ƙirga motocin gida da ke cikin wannan layin, kowace mutum ɗaya ne a ciki ya rufe gilashi. Ni na ɗauko uku, shi ya ɗauko kansa kaɗai, kuma motarsa ta fi babur ɗina cin wuri. To wa ya cushe hanya?

Malam Sabo: Mai motar gida ba ya taka birki a tsakiyar titi don ya hango fasinja ya ɗaga hannu, Habu.

Habu Mai Adaidaita: Wannan gaskiya ne, muna yi. Amma ina aka ware mana mu tsaya? Gefen titin da ya kamata in sauke mutum, mai lemo ya kasa kayansa, mai shago ya fito da tebur, wani ya ajiye mota ya shige kasuwa tun safe. Ga kuɗin balas da zan ba mai babur yana jirana da daddare, ga mai ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafi a 2023. Fasinja ɗaya na bari, na bayana ne zai ɗauke.

Hajiya Binta: Malam Sabo, ka manta dalilin zuwan baburan nan ne? Zamanin Malam Shekarau aka kawo su, a 2005, domin mata su daina hawa acaɓa. Sunan ma daga shirin A Daidaita Sahu ya samo asali. Mu da muka hau acaɓa da goyo a baya da kaya a cinya mun san abin da muka gani. Daga Rijiyar Zaki nake zuwa Kwari kullum, idan na sari atamfa adaidaita ne ke kai ni har ƙofar gida. Wace bas ce za ta shigar min lungu?

Malam Sabo: Hajiya, ai shi ya sa na ce su koma unguwanni. Ya ɗauko ki daga gida ya kawo ki Kabuga, ki hau bas.

Hajiya Binta: In biya sau biyu ke nan, in sauke dila in sake lodawa. Allah Ya ba ka haƙuri.

Injiniya Nura: Bari in sa baki. Yawan da Malam yake gani, hani ne ya haife shi. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa ɗaukar fasinja. Matasan da ke wannan sana'a ba su ɓace ba, da yawansu adaidaita suka koma. Kuma abin da Malam yake nema an taɓa gwada shi. A ƙarshen 2022 gwamnatin Ganduje ta sanar da hana su bin wasu manyan tituna, har da hanyar Tal'udu zuwa Gwarzo, tana cewa ta kawo bas ɗari. Ba a je ko'ina ba aka janye, domin mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi babu abin hawa. Bas ɗari a gari mai miliyoyin mutane, me za ta ɗauka me za ta bari?

Zainab: Kawu Nura ya tuna min da yajin aikin 'yan adaidaita na Janairun 2022, lokacin rigimarsu da KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, kan kuɗin sabunta rajista. Garin nan tsayawa ya yi cik. Dattawa na tafiya a ƙasa, wasu a bayan kurkura kamar buhunan masara. Titi kuwa fayau, babu cunkoso ko kaɗan.

Malam Sabo: To kin gani! Da bakinki kin ce titi fayau.

Zainab: Fayau ne Baba, amma mu ɗalibai da yawa ba mu kai makaranta ba.

Alhaji Tijjani: Ni da nake zaune a Legas bari in faɗi abin da na gani. Abin da ya sa BRT, doguwar bas ɗin Legas, ta yi aiki tun da aka fara ta a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, layinta ne na daban da aka killace. Kana ciki kana wuce masu motocin gida suna tsaye. Idan ka kawo doguwar bas ka jefa ta Titin Katsina haka kawai, tare za ta maƙale da kowa, kuma fasinja zai zaɓi adaidaita tunda shi yana kurɗawa. Duk da BRT da jirgin ƙasan Marina zuwa Mile 2 da ya fara aiki a 2023, har gobe danfo, ƙananan bas ɗin haya, ne ke ɗaukar mafi yawan mutanen Legas.

Sani Kurna: Mu ai gadoji muka iya. Ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta Sabon Gari, ta Hotoro. Ka hau ka yi gudu, kana sauka ka tarar da layin yana jiranka a ƙasa.

Injiniya Nura: Sani, kar ka ja mu siyasa, kowace gwamnati ta gina tata. Gada tana warware mahaɗa ɗaya ne. Matsalar ita ce kasuwannin Kwari, Singa, Sabon Gari da Wambai duk a dunƙule suke a waje guda. Mutumin Bachirawa da na Sheka da na Hotoro, duk can suka nufa da safe, tare kuma za su taso da yamma. Sannan tirela ta tsaya sauke kaya a Singa da rana tsaka ta toshe rabin titi. Wannan ba laifin Habu ba ne.

Malam Sabo: Na ji, amma ban sauka daga maganata ba. A fara da titi ɗaya, daga Rijiyar Lemo zuwa Bata. A killace wa bas layinta, a zuba motoci isassu yadda mutum ba zai yi minti goma yana jira ba, a gina matsaya, sannan a ce adaidaita ya bar wannan titin.

Habu Mai Adaidaita: Idan bas ɗin ta zo tana da araha, Malam, ba sai an kore mu ba, fasinja da kansa zai guje mu. Amma wanda ya karɓi babur bashi yana biya duk mako, wa zai biya masa?

Hajiya Binta: Kuma ku tambayar min, bas ɗin za ta yarda in shiga da dila biyu?