Albashi kaɗai ke riƙe ma'aikaci, ko sai an saurare shi?

Mai masana'antar takalman fata, Shiyar Madunka, Sakkwato: Salamu alaikum. Jiya wajen ɗaurin aure wani ya ce in riƙa zama da yarana duk mako ina tambayarsu yadda za a gyara aiki. Ni ban yarda ba. Ma'aikaci kuɗinsa yake so, a kan lokaci. In ka buɗe wa yaro baki, gobe raini ya shigo.

Malamar makaranta, Arkilla: Alhaji, kuɗi na da muhimmanci, amma tun 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam, Frederick Herzberg na Amurka, ya bambance abu biyu. Ƙarancin albashi yana kawo gunaguni, cikarsa kuma yana kashe gunagunin ne kawai. Himma daga wani wuri take fitowa: a yaba maka, a ɗora maka amana, ka ga kana ci gaba.

Tela, Mabera: Ni ya faru da ni. Shekara huɗu ina wani shago. Na lura in aka juya yadi kafin a yanka hannun riga, ƙyallen da ake zubarwa zai isa hular yaro. Na faɗa wa maigida. Bai ko ɗaga kai daga keken ba, ya ce, "Wa ya tambaye ka?" Daga ranar bakina ya mutu. Inda na koma kuɗin ɗaya ne, Baba Alhaji, wallahi ko naira ba a ƙara mini ba.

Mai masana'antar: Ɗana, naka daban ne. Amma a duba halin da ake ciki. Mafi ƙarancin albashi ya koma N70,000 a 2024, je Babbar Kasuwa ka ga abin da zai saya. Mai jin yunwa yabo zai ci?

Injiniya, Kalambaina: Ba wanda ya ce a bar shi da yunwa, Alhaji. A biya shi, sannan a ji shi. Toyota ta kafa tsarin karɓar shawarar ma'aikata tun 1951, kuma a masana'antarsu ƙaramin ma'aikaci na iya jan igiya ya kira shugabansa in ya ga matsala, har a tsayar da layin haɗa mota. Wanda hannunsa ke kan fata shi ke fara ganin inda ɗinki zai ɓalle.

Dattijo, Kanwuri: Ba sai mun je Japan ba. Aya ta 159 a Ali Imrana ta umarci Manzon Allah (SAW) ya shawarci sahabbansa, sannan in ya ƙuduri niyya ya dogara ga Allah. Hukunci na hannunka, Alhaji, girmanka bai taɓu ba.

Mai masana'antar: Na ji, Malam. To in shawarar yaro ta ɓata mini fatar akuya guda, wa zai biya?

Tela: Ba shi guntayen da ke ƙarƙashin teburi ya fara gwadawa a kansu, Baba.