Wane suna za mu ba ruwan da ke kwance a kan baƙin ido?

Jama'a, assalamu alaikum. Hunturu ya kankama a Zariya, ƙura ta turnuƙe daga Sabon Gari har Samaru, kuma koken da nake yawan ji shi ne gani yana dusashewa, amma da an ƙifta ido sai ya washe na ɗan lokaci. Ina neman kalmar da za ta ɗauki abin da likitocin ido ke kira "tear film", domin shi ne tushen wannan koke.

A gaban baƙin ido akwai wata fata garai-garai da ake kira koniya, wadda kaurinta bai wuce kusan rabin milimita ba, amma ita ke yin kusan kashi 2 cikin 3 na aikin tanƙwara haske zuwa cikin ido. Hasken ba ya isa gare ta sai ya ratsa wani siririn ruwa da ke kanta, wanda ya haɗa maiƙo daga bakin fatar ido, da ruwan hawaye, da wani yauƙi da ke manna shi. Idan ruwan nan ya tsattsage ƙasa da daƙiƙa 10 bayan ƙiftawa, likita zai zargi bushewar ido, domin fuskar koniya ta daina zama sumul, haske ya warwatse, rubutu ya yi inuwa, fitilun mota kuma su riƙa bazuwa da dare.

Wani ɗan'uwa ya kawo "yanar hawaye", yana kwatanta shi da yanar da ke hawa kan madara. Kwatancin ya yi kyau ƙwarai, sai dai Bahaushe ya riga ya ba wata cuta sunan yanar ido, kuma dattijon da ya ji kalmar "yana" a asibitin Shika zai ɗauka aiki za a yi masa. "Danshin ido" kuwa bai nuna cewa abu ne mai fuska da ke iya lalacewa ba.

Ni dai na tsaya a kan "shimfiɗar hawaye". Kowace ƙiftawa sabuwar shimfiɗa ce, kuma shi ya sa mai ƙura wa waya ido, da yake ƙiftawarsa na raguwa, ganinsa ke saurin dusashewa. Da wannan kalma ma za a iya amsa wa mai cewa idonsa na zubar da ruwa amma an ce masa ya bushe: Baba, ruwa akwai, shimfiɗar ce ba ta zama.