Shawara kan yadda za a tsara masu gwajin manhaja a kamfani

Baban Zahra: Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya taso a kamfanin da nake aiki, inda muke da manhajar biyan kuɗi ta waya. Har zuwa yanzu duk sauyin da za a yi, kamar sake fasalin shafin rajista ko canza saƙon da ke tunatar da mutum biyan kuɗin wuta, a wurin taro ake yanke shi, a aiwatar, sannan a jira alƙaluman ƙarshen wata. Yanzu an amince mu fara gwajin A/B, wato a raba masu amfani gida biyu ta hanyar ƙuri'a, a bar wa kashi ɗaya tsohon tsari, a nuna wa ɗayan sabo, a kwatanta. Inda kawuna suka rabu shi ne tsarin ma'aikata. Wasu na son a kafa sashe guda wanda duk gwaji zai bi ta hannunsa, wasu kuma na son a ba kowace ƙungiyar aiki nata masanin alƙaluma, ta yi abinta. Wanne kuka ga ya fi?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Ƙanena, hanyoyin biyu da ka ambata duk an bi su, kuma an san inda kowace take tuntuɓe. Idan aka tara komai a sashe guda, ana samun aiki mai tsabta da ma'auni iri ɗaya, amma ba a jimawa sashen ke zama ƙofar da kowa ke layi a bakinta, har injiniyoyi su gaji su riƙa sakin sauyi ba tare da gwaji ba. Ga shi kuma masanin da ke zaune a tsakiya bai san cikin aikin kowace ƙungiya ba, don haka yana iya ba ka lissafi daidai a kan tambayar da ba ita ce ke damunka ba. Idan kuwa aka warwatsa masanan, suna sanin aikin ciki da waje, amma kowa zai ƙirƙiro nasa ma'aunin. Wannan ya ce mai amfani na gaske shi ne wanda ya buɗe manhaja sau ɗaya a wata, wancan ya ce sai wanda ya aika kuɗi. Idan kowa ya zo kasuwa da nasa mudun, ba a sanin wa ya fi wani arha.

Shawarata ita ce a raba aikin, ba mutanen kawai ba. A bar wa ƙaramin sashe na tsakiya abubuwan da dole su zama iri ɗaya a ko'ina: na'urar da ke raba masu amfani, ma'anar kowane ma'auni, hanyar lissafi, da horar da ma'aikata. Tunanin abin da za a gwada, da gina shi, da kunna gwajin, su zauna a hannun ƙungiyoyin da ke gina manhajar. Kusan haka Microsoft ta tafi bayan wani masaninta, Ronny Kohavi, ya kafa sashen dandalin gwaji a 2006. Sashen nasa ba shi ne ke ƙirƙiro wa Bing, shafin binciken intanet na Microsoft, ko Office dabarunsu ba, aikinsa shi ne tabbatar da cewa sakamakon da ya fito abin dogaro ne.

Maman Ilham: Na yarda da Malam, amma ina so in ƙarfafa ɓangaren 'yancin ƙungiyoyi, domin a nan ne shugabanni kan yi wa tsarin zagon ƙasa ba tare da sun sani ba. A 2012 wani ma'aikacin Bing ya kawo shawarar a sauya yadda kanun tallace-tallace ke fitowa. An ɗauke ta a matsayin ƙaramin abu, ta yi fiye da wata shida a ajiye, sai da wani injiniya ya ga cewa gina ta ba wuya ya kunna gwaji. Kuɗin shiga ya tashi da kashi 12 cikin ɗari, sama da dala miliyan 100 a shekara a Amurka kaɗai. Waɗanda suka ajiye ta ƙwararru ne, abin da ya faru kawai shi ne ba wanda ke iya gane darajar dabara kafin a gwada ta. Shi ya sa Booking.com, kamfanin da ake kama ɗakin otal ta shafinsa, ta bar kowane ma'aikaci ya kunna gwaji ba tare da neman izinin shugaba ba, kuma a kowane lokaci akwai gwaji sama da 1,000 da ke gudana a shafinsu. Sharaɗin da ya riƙe tsarin shi ne komai a fili yake: kowa na iya ganin gwajin kowa, ya yi tambaya, ya ɗaga murya idan ya ga ɓarna. Idan za ku ba da 'yanci, ku ba da shi tare da wannan sharaɗin.

Ɗan Gwandu: Ranki ya daɗe, labarin Booking mai daɗin ji ne, amma ina tsoron kada Baban Zahra ya kai shi taro a ɗauka haka za a fara. Waɗannan kamfanoni suna da miliyoyin masu shiga, abin da ke ba su damar gane ɗan ƙaramin bambanci cikin mako biyu. Kafin a yi maganar sashe, a zauna a yi lissafin yawan mutanen da ake da su. Misali, idan mutum 5 cikin 100 ne ke kammala rajista, kuma kana son gane ko sabon shafi ya kai su 5.5, kana bukatar kimanin mutum 30,000 a kowane kashi. Idan bambancin da kake nema ya ragu da rabi, adadin ninkawa yake sau huɗu, ya haura 120,000. Kamfanin da sababbin masu rajistarsa a wata ba su kai haka ba, ba shi da abin da zai ciyar da sashen gwaji mai mutum biyar.

A irin wannan hali na fi ganin a fara da masanin alƙaluma ɗaya da injiniya ɗaya, a ba su ƙa'ida a rubuce, a gwada manyan sauye-sauye kawai, a bar launin maɓalli. Google ta iya gwada launin shuɗi iri 41 saboda yawan jama'arta. Akwai kuma dabarar CUPED da masanan Microsoft suka wallafa a 2013, wadda ke amfani da bayanan mutum na kafin gwaji don rage hayaniyar alƙaluma, wato hawa da saukar da suke yi bisa sa'a kawai, ta taƙaita lokacin jira. Tana taimakawa a kan tsofaffin masu amfani, amma ba ta da amfani a kan sabon da ba shi da tarihi. Sannan a kula da kalanda. Ɗabi'ar mutanenmu a watan azumi, da jajibirin sallah, da makon da albashi ya shiga, ba ɗaya take da ta tsakiyar wata ba. Rabon ƙuri'a yana kare kwatancen, amma abin da ya yi nasara a makon albashi ba lallai ya yi a sauran kwanaki ba, don haka a bar gwaji ya cika makonni cikakku.

Baban Zahra: Na gode ƙwarai. Lissafin nan zan fara yi. Amma Malam, akwai abin da ya rage mini: idan sakamako ya fito, wa ke da ikon cewa an yi nasara? A wurinmu manajan da ya kawo dabarar shi ne zai gabatar da rahoton, kuma ƙarin girmansa yana rataye da shi.

Malam Na-Zariya: Wannan tambayar ta fi ta farko muhimmanci. Kada a bar mai dabara ya zaɓi ma'aunin nasara bayan ya ga sakamako, domin idan ka duba ma'auni ashirin, abu ne mai sauƙi ɗaya ya nuna ci gaba bisa sa'a kawai, kuma ɗan Adam ne, shi zai ɗauko. Kafin a kunna gwaji, a rubuta abin da ake zato, da ma'auni ɗaya da za a yanke hukunci da shi, da waɗanda ba a yarda su lalace ba, kamar saurin buɗewar manhaja da yawan ƙorafi, da ranar tsayawa. Masanin tsakiya ya sa hannu a takardar, kuma shi zai tabbatar da lissafin a ƙarshe. Hukuncin saki ko ajiyewa ya koma wa manajan, amma a kan alƙaluman da ba shi ya tsara su ba. Saboda haka ne nake ba da shawarar masanin alƙaluma ya zauna da ƙungiyar kullum, amma shugabansa da ke duba aikinsa ya kasance na sashen tsakiya.

Zaɓen ma'aunin kansa aikin shugabannin kamfani ne, ba a barin sa ga ƙananan ma'aikata. Akwai lokacin da kuskure a wani gwajin Bing ya lalata ingancin sakamakon bincike, sai yawan binciken da kowane mutum ke yi ya tashi da sama da kashi 10, kuɗin talla kuma da sama da kashi 30, saboda mutane ba sa samun abin da suke nema, suna ta maimaitawa suna danna talla. Da kuɗin wannan makon ne ma'auni, da an ce an yi nasara. A manhajar kuɗi ma haka take: saƙon tunatarwa sau uku a rana zai ƙara biya a wannan makon, ya kuma sa mutane kashe sanarwa gaba ɗaya.

Abu na ƙarshe, kada a auna ƙungiya da yawan gwajin da ta ci. A Microsoft kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na dabarun da aka gwada ke inganta abin da aka nufa, a wuraren da aka riga aka goge sosai kamar Bing adadin ya fi haka ƙasa. Manajan da aka ce sai ya kawo nasara kowane wata zai koyi tsayar da gwaji ranar da alƙaluma suka yi masa kyau.

Hajiya Lauya: Ina so a sa wa tsarin mutum ɗaya da ba injiniya ba, ko da sau ɗaya a mako zai zauna da ku. A Janairun 2012 Facebook ta sauya abin da mutum 689,003 ke gani na tsawon mako guda don ganin ko hakan zai taɓa yanayin zuciyarsu, kuma da aka wallafa binciken a 2014 kamfanin ya sha suka mai tsanani. Ku kuma kuɗin mutane kuke riƙewa. Gwada fasalin shafi daban, gwada cajin da ake cire wa mutum ko sharuɗɗan bashi daban, domin a nan maƙwabta biyu za su biya kuɗi mabambanta a kan abu ɗaya ba tare da sun sani ba. A ware irin waɗannan, a ce sai sashen shari'a da na kula da abokan ciniki sun duba, kuma a tabbata yadda ake tattara bayanan ya dace da dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023. Sauran gwaje-gwajen a bar su su wuce ba tare da jiran kowa ba, kamar yadda Maman Ilham ta faɗa.

Ɗan Gwandu: Game da kayan aiki, kada ku fara da gina naku. Google Optimize an rufe shi a ƙarshen Satumban 2023, amma akwai GrowthBook wanda buɗaɗɗe ne, wato kuna iya ɗora shi a kan sabarku, babbar kwamfutar kamfaninku, bayananku su zauna a hannunku, akwai kuma Optimizely da Statsig na biya. Ko wanne kuka ɗauka, aikin farko na masanin alƙaluma da injiniyan da na ambata shi ne gwajin A/A, a raba jama'a biyu a nuna musu abu ɗaya. Idan ana yawan ganin bambanci a inda babu shi, na'urar ce ke da matsala. Na biyu, kowane gwaji a duba ko rabon ya fito yadda aka tsara. Idan an ce rabi da rabi amma ɗaya kashin ya gaza sosai, wataƙila sabon tsarin yana faɗuwa a kan tsofaffin wayoyi ko inda sabis ke da rauni, waɗannan mutanen sun ɓace daga lissafi, sakamakon kuma ba abin karɓa ba ne komai kyansa.

A kuma yanke tun farko da me ake rabo. Inda mutum biyu ke amfani da waya ɗaya, ko mutum ɗaya ke shiga ta manhaja yau gobe ta USSD, wato danna lambobi masu * da #, rabo da lambar asusu ya fi rabo da na'ura. Idan gwajin ya shafi masu POS, waɗanda ke zaune layi ɗaya a kasuwa suna nuna wa juna wayoyinsu, gara a raba da unguwa ko gari.

Maman Ilham: Baban Zahra, ka ƙara taron mako-mako a cikin abin da za ka gabatar, minti arba'in ya isa. A karanta gwaje-gwajen da suka ƙare, har da waɗanda suka faɗi, kuma kafin a nuna sakamako kowa ya faɗi wanda yake zaton ya ci, shugaban kamfani ma ya faɗi nasa. Duk takardar gwaji a ajiye ta wuri ɗaya da kowa zai iya bincikawa, da hoton tsarin biyu da hukuncin da aka yanke, domin ma'aikata na tafiya, kuma wanda ya zo baɗi zai kawo dabarar da aka riga aka gwada bana. Ajiyar nan a ɗora ta a wuyan masanin tsakiya tun daga gwajin farko.