Neman shawara: sati ɗaya da kama aiki, sau biyu shigata tana ba ni kunya

Assalamu alaikum iyaye da yayye da ke wannan zaure. Don Allah ina neman shawara, kuma a sakaya sunana.

Makon jiya na kama aiki a wani kamfani, a sashen duba ingancin kaya. Aikin ba na zama wuri guda ba ne. Da safe ina ofis ina shigar da rahoto, da rana in gangara masana'anta in ɗebo samfur in kai ɗakin gwaji, kuma an ce nan gaba za a riƙa tura ni wurin kwastomomi.

Ranar Litinin na caɓa ado irin wanda na je intabiyu da shi: kwat, takalmi mai tsini, dogon mayafi. Ina shiga na tarar kowa da shigarsa sassauƙa, oganmu ma riga ce mai gajeren hannu a jikinsa. Wata ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Daga hedikwata aka turo ki?" Ranar Laraba na ce to bari in sassauta, na zura doguwar riga mai faɗi da takalmi buɗaɗɗe. A bakin ƙofar masana'anta shugaban sashen ya tare ni, ya kalli yatsun ƙafata, ya nuna jelar mayafina da biro, ya ce ba zan shiga haka ba. A gaban ma'aikata kusan goma! Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yaya ake gane shigar da ta dace da kowane wuri? Ba na son in bar suturta jikina saboda aiki, kuma albashin farko bai shigo ba balle in ce zan sauya kaya gaba ɗaya.

Wani dattijo, tsohon jami'in kare lafiyar ma'aikata:

Wa alaikis salam 'yata. Gobe idan kin je ki gaida mutumin nan da kyau, don gata ya yi miki. Da ya ji nauyinki ya bar ki kin wuce, shi ne ya cuce ki.

Inji mai juyawa ba ya tambayar muƙami. Duk abin da ke lilo a jikin mutum, jelar mayafi ce, nektai ne, hannun riga mai faɗi, sarƙar wuya, igiyar katin shaida, da zarar bel ko sandar injin ta lashi bakinsa sai ta naɗe, kuma kafin hannu ya kai ga maɓallin kashewa ta jawo mai shi. Zobe ma haka, yakan maƙale ya tafi da fatar yatsa. Abin da zai ba ki mamaki, har safar hannu da ake ɗauka kariya ce, hana sa ta ake yi a kan injin huda ƙarfe da makamantansa, saboda ita ma kamawa take yi.

Takalmin aiki da ake nema a masana'anta kuwa ba gayu ba ne. Akwai ma'aunin duniya da ake kira ISO 20345, wanda ya ce dole murfin da ke bakin takalmin ya jure bugu daidai da faɗowar abu mai nauyin kilo 20 daga tsayin kusan mita ɗaya. Ki auna wannan da yatsunki da ke waje ranar Laraba. Sai yadi: in akwai walda ko wuta a wurin, ki guji mai roba irin su nailan da foliyesta, narkewa suke yi su manne wa fata. Auduga mai kauri ta fi su, ko da yake ita ma tana cin wuta.

Batun kuɗi, ki kwantar da hankalinki. Hular kwano, takalmin aiki, tabarau, riga mai ƙyalli, ba daga aljihunki ya kamata su fito ba. Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1981, ta ɗora wa mai kamfani samar da kayan kariya, ta kuma ce kada matakan kare lafiya su ci kuɗin ma'aikaci. Ƙasashen da suka amince da ita ta ɗaure, amma ko babu ita kamfanin kirki haka yake yi. Ki je ki tambayi naki, ki faɗi lambar ƙafarki, kada ki karɓi wanda ya yi miki yawa don kunya.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Ƙanwata, suturarki ba inda za ta je, sauya mata ɗauri kawai za ki yi. Ni shekara da shekaru ina aiki da kaina a rufe. Ki nemi ƙaramin hijabi mai kama fuska, wanda ba ya buƙatar fil, ki cusa bakinsa cikin wuyan rigar aikin ki ɓalla maɓallan har sama. Babban mayafin ya jira ki a ofis. Fil ɗin nan ki raba kanki da shi a wurin aiki: a masana'anta zai iya faɗawa cikin kaya, mu kuma a asibiti ko kusa da ɗakin ɗaukar hoton cikin jiki na MRI ba a zuwa da shi, don maganaɗisun na'urar fizge ƙarfe yake yi.

A ɗakin gwaji doka uku ce ba ta sauyawa: takalmi sau-ciki, ƙafa a rufe har idon sawu, farar rigar aiki a rufe da maɓallanta. Kuma farar rigar nan a can ake barinta. Takaici nake ji in ga mutum ya gama taɓa samfur da ita, ya shigo da ita wurin cin abinci don a san shi ma'aikacin lab ne, wato ɗakin gwaji.

Abu ɗaya da zai nuna miki cewa kowane wuri da dalilinsa: a lab so ake hannun riga ya kai wuyan hannu saboda fallatsin sinadari, amma a gefen gadon majinyaci akasin haka ake so. Tun 2007 hukumomin lafiya a Ingila suka fito da ƙa'idar barin hannu fayau daga gwiwa zuwa ƙasa, ba agogo, ba awarwaro, don wankin hannu ya yi kyau. Kin ga da za ki kwafi shigata ki kai wurinku, da an sake tare ki.

Wata jami'ar ɗaukar ma'aikata:

Ni ban ga abin kunya a shigarki ta Litinin ba. Sabon ma'aikaci ya zarce a ranar farko ya fi ya gaza, tunda kwat ana cire ta a rataye, amma wanda ya zo da silifas ba shi da abin cirewa. Kuskuren na Laraba ne, da kika yi tsalle daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Ki daina kallon oga. Shi ya kai inda ko me ya sa ba mai cewa uffan. Ki dubi waɗanda suka girme ki da mataki ɗaya ko biyu, musamman macen da kika ga ana saurarenta a taro, ki yi kusa da shigarta. Sannan ki nemi littafin ƙa'idojin ma'aikata, yawanci akwai shafin sutura a ciki, ba a dai karantawa ne. Ranar zuwa wurin kwastoma kuma shigarsu ake bi, ba taku ba: in banki ne ko ofishin lauyoyi, fito da kwat ɗin nan, in gona ce ko wurin gini, ki bar ta a gida.

Kada ki ci bashi. Kaya kala uku ko huɗu masu launi natsattse da za su hau juna sun ishe ki wata guda. Abin da ido ke fara kamawa guga ce da takalmi, ba tsada ba. Turare kuma kaɗan, ofis mai esi rufaffe ne.

Takalmi mai tsini ba dole ba ne. A Landan a 2015 an kori wata mai karɓar baƙi gida don ta ƙi sa shi, ta rubuta ƙorafin da mutum sama da 150,000 suka sa wa hannu, har majalisar dokokin Birtaniya ta tattauna batun a 2017.

Wani matashi mai aikin manhaja:

Anti, a yi mini afuwa, ban yarda da "gara a zarce" a ko'ina ba. A irin wurinmu, wandon jins da tishat ne shigar kowa, in ka zo da nektai sai a ɗauka intabiyu za ka je a wani kamfanin. Duniya ta sassauta. Gwamnatin Japan da kanta a 2005 ta ce ma'aikata su ajiye kwat da nektai lokacin zafi, a bar esi a digiri 28 don rage shan lantarki. Bankin Goldman Sachs ma ya sassauta dokar shigarsa a 2019. Aiki ake dubawa yanzu.

Jami'ar ta dawo:

Ƙanena, ranar da za ku je neman kuɗi wurin masu zuba jari, wace riga oganku yake sawa? Sassautawa daban, sakaci daban. Tishat mai tsabta da ta zauna a jiki shiga ce, wadda aka kwana da ita ba shiga ba ce, kuma kyamarar taron intanet tana nuna bambancin.

Wani mai dafa abinci a otal:

Malama, in kayan ci ko na sha kamfaninku ke yi, ki ƙara da yanke farce, ki bar jan farce da gashin ido na kanti. Mu har filastar ciwo shuɗiya muke sawa, don in ta faɗa cikin abinci a gan ta. Ki duba ƙasan takalmin ma, kada ya zama mai santsi.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na je na gaishe shi kamar yadda ka ce, ya yi dariya ya rubuta mini takardar karɓar kaya. Ashe takalmina da hulata suna sito tun ranar Litinin, ba wanda ya gaya mini, ni ma ban tambaya ba. Yaya, na samo ƙaramin hijabin, sai dai hular kwanon tana zamewa a kansa in na sunkuya. Ƙara matse maɗaurin baya zan yi, ko yadin ne ya cika santsi?